Makabarta a Ƙarƙashin Ciyawar Teku

Otilia Pushaina tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana saƙar jaka, sai ga yayanta Nemesio ya hauro daga bakin teku. Ruwa na ɗiga daga gajeren wandonsa, gilashin nutso na rataye a wuyansa. Bai nemi kujera ba, ya tsuguna a gabanta a kan yashi.

"Yaya, lafiya? Ko baƙin naka sun sallame ka ne da rana tsaka?"

Ya kamo hannunta ya buɗe tafin, ya sa mata wani abu, ya mayar da yatsunta ya rufe.

Tun kafin ta duba ta san ko mene ne, don hannu ba ya manta abin da ya daɗe yana taɓawa. Ɗan jan dutse ne mai huda a tsakiya, tu'uma, gadon kakarsu. Ita da kanta ta ɗaura wa ɗanta shi a wuya, a safiyar da ta tashi da mummunan mafarki. Ya yi mata dariya a ranar, ya ce, "Inna, manyan jatan landen langosta zan kamo, ba aure zan je nema ba." Ya ɗaura ɗamarar dalma a ƙugu don ta taimake shi nutsewa, ya tura kwale-kwalensa. Lokacin iska ne, ruwa ya yi duhu kamar kunu. Da yamma kwale-kwalen ya dawo gaɓa shi kaɗai.

Maza sun neme shi har suka gaji. Can nesa suka yi ta nema, wajen duwatsun da yake nutso. Ba su samu ko gilashinsa ba. Tun daga nan sunansa ya fita daga bakin kowa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya mutu a cikinmu. Sai dai a ce marigayi, ko ɗan Otilia. Mai irin sunansa ma a rugar da ke gaba sai da aka sauya masa suna.

"A ina?" ta ce.

Nemesio ya nuna da haɓa. Ba nesa ba ne. Daga inda take zaune tana hango wurin, wata gangar roba mai ruwan lemo tana rawa a kan ruwa.

"Cikin ciyawa. Ina buga wa Doktora, shugabar baƙin nan, bututun awonta a cikin laka, sai na ji ya daki abu mai tauri. Na sa hannu. In na miƙe tsaye a wurin, ruwan da kaɗan ya fi kaina. Igiyar ruwa ce ta jawo shi gida, dalmar ta riƙe shi a ƙasa, ciyawa ta rufe shi."

Otilia ta dubi gangar. Shekaru ke nan tana zama a wannan rumfar tana fuskantar wannan wurin, tana saƙa, tana cin abinci.

Ta tashi ta nufi ɗaki, inda ta ajiye farin ƙyallen da ta tanada tun tuni. Nemesio ya riƙe gefen rigarta.

"Ƙanwata, zauna. Ba za a tona ba."

"Wa ya ce?"

"Kin san wa ya ce. Ke ma kina wurin ranar da aka ce."

Tana wurin kuwa. Ba a daɗe da ɓatan yaron ba wasu alijuna, wato mutanen da ba 'yan ƙabilarmu ta Wayuu ba, suka zo a farar mota. Shugabarsu wata mace ce mai suna Yamile, kowa na ce mata Doktora, ko da yake ba ta allura, ciyawa take dubawa. Aka taru a babbar rumfa, Nemesio yana mayar da maganarta cikin harshenmu. Ta ce hayaƙin motoci da masana'antu na manyan ƙasashe ya taru a sama, shi ke sa duniya zafi, shi ya sa ruwan sama ya guje mu. Ta ce ciyawar da ke ƙarƙashin tekunmu, wadda kunkuru ke kiwo a cikinta, tana shanye wannan hayaƙin ta tura shi cikin lakar da ke ƙarƙashin saiwarta, ya zauna can muddin ba a motsa lakar ba. Da Nemesio ya zo wurin nan ya rasa kalma, sai ya ce ciyawar tana binne hayaƙin. Mutane suka yi dariya. Wani tsoho ya ce to a gaya musu sai an yanka awaki, don ba a binne kowa a nan a kyauta.

Wani kamfani na ƙetaren teku ne zai biya don a bar lakar ta kwanta. Aka kewaye ciyawar da ganguna. A cikin da'irar ba jefa anga, ba jan koma, ba tonon ƙumba. A madadin haka aka kafa babban tanki a tsakiyar ruga, motar ruwa tana zuwa daga garin Uribia duk mako tana cika shi. Nemesio aka ba hula da ƙaramin injin kwale-kwale, ya zama mai gadin ciyawa.

Kafin tankin, daga tafki muke sha, tafiyar rabin safiya, ruwan da jakuna da awaki ke tsayawa a ciki suna fitsari. Babu gidan da wannan tafkin bai ɗauki yaro ba.

"In aka ga rami a cikin ciyawar, motar ta daina zuwa ke nan," Nemesio ya ce. "Daga sama suke ɗaukar hoto. Ko faɗin tabarma ɗaya ya ɓace sai sun gani."

"Kai ne kawunsa, Yaya. Ba ubansa ba, kai. Naman jikinsa namu ne, ƙashinsa namu ne. In ba ka kai shi makabartar uwarmu ba wa zai kai shi?"

"Na sani."

"To me ya sa ka kawo mini dutsen?"

Ya sunkuyar da kai. "Na rasa inda zan sa shi ne."

Kafin rana ta karkata labari ya gama ruga. Casilda, matar Nemesio, ta iso da ƙaramar jikarta a goye da tulun roba a hannu. Ita da Otilia tare suka tashi, kuma tun ranar da ta auri yayanta ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Wannan karon ta ajiye tulun, ta rufe kanta da mayafi, ta durƙusa kusa da Otilia suka yi kuka tare yadda ya kamata. Da suka gama ta share fuska, ta fyace hanci.

"To, dangin miji, na yi miki kuka. Yanzu ki saurare ni. Kada ki je."

"Ke 'yar dangin Uriana ce, Casilda. Ba ƙashinku ba ne."

"Eh, ba ƙashinmu ba ne. Namu yana can bayan tudu, ɗan ƙarami, ko tsawon hannuna bai kai ba. Kin manta wa ya riƙe mini shi yana zawo har ya ƙare? Ke ce. Ruwan tafki ne ya kashe shi, kin sani na sani." Ta juyo da bayanta don Otilia ta ga yarinyar da ke barci. "Wannan ba ta taɓa shan ruwan jaki ba. Dubi kumatunta."

"Wanda aka ɗaga ƙashinsa aka wanke, shi ke dawowa da ruwan sama. Haka iyayenmu suka ce. Nawa yana can a maƙale, bai isa Jepira wurin sauran matattu ba, bai dawo ba."

"Tabɗi! To duk waɗanda muka wanke fa? Makabarta cike take da ƙashi fes-fes, sama kuma ko tofi ba ta yi mana. Ni dai motar nake gani da idona."

Otilia ta ɗaura dutsen a wuyanta da sabon zare.

Ranar da motar ruwa ta zo, Doktora Yamile ta biyo ta. An riga an gaya mata. Aka taru a babbar rumfa, maza a kan ragar kwanciya, mata a ƙasa. Doktora ta cire hularta, ta zo gaban Otilia, idonta ya yi ja. Ba muguwar mace ba ce. Tana cin abin da aka ba ta, tana zama a ƙasa, ta koyi gaisuwarmu. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Ta ce ta riga ta yi magana da mutanen kamfanin, kuma sun yarda a girmama yaron, a sa wa dukan filin ciyawar sunansa don kada a manta da shi har abada.

Sai ta faɗi sunan. Da ƙarfi, gaba ɗayansa, a gaban uwarsa da kawunsa.

Nemesio bai fassara ba, ba a ma bukata. Wata tsohuwa ta toshe kunnuwa. Mazan da ke kwance suka sauko da ƙafafunsu ƙasa. Rabon Otilia da jin wannan sunan tun ranar da ita kanta ta tsaya a bakin gaɓa tana ƙwala shi cikin iska.

Doktora ta dubi fuskoki ta gane ta yi ɓarna, amma ba ta san wacce ba. Nemesio ya matsa ya gaya mata a hankali. Ta dafe baki. Ya ce mata a al'ada wanda ya kira sunan mamaci a gaban danginsa sai ya biya, awaki ko abin wuya, duk abin da dangin suka yanke.

"Ta faɗi abin da take so," Doktora ta ce. "Ko mene ne."

"Yaya, gaya mata ba na son akuya," Otilia ta ce. "Wuni ɗaya nake so a cikin ciyawar, da adda."

Da aka mayar mata, Doktora ta ce wannan ba a hannunta yake ba. Hayaƙin da ke cikin lakar an riga an auna shi, an sayar, an rubuta shi a lissafin gwamnati da na kamfani. Wurin da yaron yake kuwa shi ne tsakiyar inda ake awo. In aka tona, abin da ke kwance zai tashi ya koma sama, kuma rami a cikin ciyawa ba ya tsayawa yadda aka bar shi, igiyar ruwa ce ke ci gaba da cinsa.

"Tambaye ta, hayaƙin nan na waye?"

"Ta ce na mutanen can ne, na ƙetare."

"Kuma a nan suka binne shi?"

"Haka na fassara, amma ba ainihin..."

"A'a, Yaya, daidai ka fassara." Otilia ta miƙe tsaye, ta juya wajen mutane. "Ku kun san yadda ake sanin mai ƙasa. Ba da takarda ba. A tambayi mutum, ina matattunka suke? Inda ya binne nasa, nan ne nasa. Mu muka zauna a rumfar nan muna dariya, muka bar baƙi suka yi makabarta a ƙofar gidanmu. Yanzu wurin nasu ne. Mataccen hayaƙinsu yana kwance a kan ɗana, kuma sai na roƙi izini kafin in ɗaga shi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Daga baya can Casilda ta ce, ba da ƙarfi ba, "Makabartar da ke kawo ruwa dai."

Doktora ta yi alkawari za ta nemi izini daga babban birni. Ta ce a ba ta lokaci. Otilia ta yarda, don Nemesio ya roƙe ta da idonsa.

Ta jira. Iska ta kwanta, ta sake tasowa. Duk zuwan Doktora amsa ɗaya ce: maganar tana ofishin wane, an tura ta ofishin wane, akwai mai bincike da zai zo daga ƙetare, a bari ya zo ya tafi tukuna. Wata rana, don ta kwantar mata da hankali, ta ce kada ta damu, babu abin da zai sami ƙasusuwan, ciyawar tana adana duk abin da ke ƙarƙashinta, kowace shekara ma ƙara masa laka take yi. Otilia ta riƙe wannan maganar. Ashe duk jiran da take yi, ƙara binne shi ake yi.

Ta daina zama tana fuskantar teku. Ta juya kujerarta wajen ƙayoyin daji. Amma saƙar ta ƙi tafiya, sai ta saƙa ta warware.

Sai wata safiya motar ruwa ta zo da kaya a samanta: sabuwar ganga, babba, fara, wadda kamfanin ya aiko a kafa a tsakiyar ciyawa kafin zuwan mai bincike. Doktora ba ta biyo motar ba. Daga baya ta ce ta hana maganar sa sunan, amma saƙon farko ya riga ya haye teku, mutanen can kuma labarin ya yi musu daɗi. Direba ya mirgino gangar ya bar ta a kan yashi kusa da tanki. An yi rubutu a jikinta da baƙin fenti.

Otilia ba ta iya karatu ba. Tana cikin layi da jarkarta ta ga gangar, ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. 'Yan makaranta ne suka kewaye ta, suna bin baƙaƙen da yatsa, suna haɗawa gaɓa-gaɓa da ƙarfi yadda malama ta koya musu. Suka haɗa, suka maimaita, suna murna sun iya. Yawancinsu ba su san mai sunan ba. Iyaye mata suka ruga suna dukan bakuna, amma ya riga ya fita, iska ta kwashe shi ta bi da shi kan layin gaba ɗaya.

Otilia ta ajiye jarkarta a inda take, ba ta ɗebi ruwan ba. Ta wuce gida ta ɗauko farin ƙyalle da adda. A bakin gaɓa ta tarar da Nemesio yana gyaran inji.

"Ba ni kwale-kwale, Yaya."

"Ba ki iya iyo ba."

"To sai ka sami biyu a ƙasa, ka sa mana ganga ɗaya."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya cire hular gadin, ya rataye ta a jikin injin, ya jawo tsohon kwale-kwalen katako, na marigayin, wanda ba a taɓa ba tun ranar. Ya ɗauko igiya da doguwar sanda.

Mutane suna tsaye wajen tanki suna kallo. Ba wanda ya hana su, ba wanda ya biyo su.

A wurin, Nemesio ya kafa sandar cikin laka ya ɗaure kwale-kwalen. Shi ya fara sauka da adda, don saiwar ciyawar a sarƙe take kamar tabarma, sai an yanka an ɗaga. Amma ƙashi mace ke ɗagawa, macen dangi, wannan ba ya canzawa don an zo cikin ruwa. Da ya buɗe wurin ya taso, ya ɗaura mata igiya a ƙugu, ya sa mata gilashinsa.

"Ki bi sandar da hannu har ƙasa. In numfashi ya ƙare ki ja igiya. Kada ki yi taurin kan gidanmu a can."

Ta sauka. Ruwan ya rufe kanta, ƙarar duniya ta ɗauke. Da farko ta ga ciyawar, kore shar, tana kwanciya tana tashi, ƙananan kifaye na ratsa ta. Tun da aka haife ta a bakin wannan tekun ba ta taɓa ganinta daga ciki ba. Ta ga kyanta, abin ya ƙara mata ciwo. Sai ta sa hannu a ramin, laka ta tashi baƙa ƙirin, ba ta ƙara ganin komai ba.

Da lalube ta yi aikin. Ta fara da kai, kamar yadda ake yi. Saiwa ta shiga ta ramin ido ta fita ta ƙasa, sai da ta tsinke ta da yatsa. Ta rungume shi a ƙirji ta ja igiya. Da ta taso, wari ya buge ta, warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana fitowa daga ruwan da kumfa ƙanana. Nemesio ya shimfiɗa ƙyallen a cikin kwale-kwale, ya kau da kai, ta ajiye.

Ta koma. Ta sake komawa. Ta sha ruwan gishiri ta amayar, ta koma. Dogayen ƙasusuwan ƙafa sun zo da sauƙi. Haƙarƙari kuwa ciyawa ta saƙe su, kowanne sai Nemesio ya sauka ya ƙara yanka, ramin yana ƙara faɗi. Ta ci karo da ɗamarar dalma, tana nan a ɗaure yadda ya ɗaura ta, ta zare ƙashin ƙugu daga cikinta ta bar ta a can. Baƙin ruwan ya yi ta bazuwa a kewaye da su, iska na tura shi, har ya wuce ganguna. Daga tudu ma ana ganinsa.

Rana ta wuce tsaka lokacin da Nemesio ya ƙi sakin igiyar.

"Ya isa."

"Hannayensa, Yaya. Ban samu yatsunsa ba."

"Sun bi laka. Leɓɓanki sun yi fari. In kin koma ba za ki taso ba, ni kuma ba zan iya ɗaga biyu ba."

Ta dubi abin da ke kan ƙyallen. Yaron da ya fi kowa tsawo a ruga, ga shi bai cika zani ɗaya ba, kuma babu hannaye. Ta naɗe, ta ƙulle bakin ƙyallen. Ba ta yi kuka ba, ƙarfin ya ƙare.

A al'ada, in mace ta ɗaga ƙashi, mata ne ke tarbarta. Hannunta ya taɓa mutuwa, don haka ba ta taɓa jikinta, ba ta kai komai baki da kanta, ba a barinta ta yi barci sai an kwana an wuni. Wasu ne ke wanke ta, su ba ta abinci a baki, su zauna kewaye da ita suna hira da waƙa don kada ta gyangyaɗa marigayin ya ja ta. Da kwale-kwalen ya taɓa yashi babu kowa a gaɓa.

Nemesio ya ɗauki ƙullin ya rataye shi a cikin sabuwar ragar da ta saƙa wa yaron bai taɓa kwanciya a ciki ba. Ya zuba mata chirrinchi a hannaye, giyar ta bi duk inda saiwa ta yanke ta. Sannan ya tafi neman akuyar yanka, don wannan aikin kawu ne.

Ta zauna a rumfa, hannaye a miƙe a kan gwiwa, tafin yana kallon sama. Gishiri ya bushe a fuskarta yana ƙaiƙayi, ba halin sosawa. Harshenta ya kumbura. Ga randa nan a gefenta da ɗan kofi a kai, ba halin ɗauka. Tana jiyo muryoyin mata can wajen tanki, kowa na cika duk abin da ya mallaka, har tukwanen girki. Idonta ya fara rufewa da kansa.

"Ke! Buɗe idon nan, mayya."

Casilda ce a tsaye, da ƙwarya a hannu. Ita kaɗai. Ta durƙusa, ta kama haɓar Otilia ba da tausayi ba, ta kafa mata ƙwaryar a baki.

"Sha. Na tanki ne. Ki sha da kyau ki riƙe ɗanɗanonsa, don ke kika kashe shi."

Otilia ta sha har ta sarƙe. Casilda ta jiƙa gefen mayafinta ta goge mata gishirin fuska, ta sosa mata gefen hanci ba tare da an roƙe ta ba.

"Sauran fa?" Otilia ta ce.

"Ba za su zo ba. Ni ma ba don ke na zo ba. Na goya shi yana ƙarami, shi ke nan." Ta dubi ragar da ke lilo. "An samu duka?"

"Babu hannaye."

Casilda ta gyara zama, ta jingina da ginshiƙin rumfa. "To sai ki saurari zagi har gobe, don ni ban iya waƙa ba, kuma barci dai ba za ki yi shi ba."

Aka binne shi a makabartar dangin Pushaina, kusa da kakarsa. Mutane sun zo cin nama, don ba a ƙin zuwa binnewa, amma da yawa ba su gaisa da uwar ba.

Ramin kuwa bai tsaya ba. Iska ta yi ta cin gefensa, kafin mai bincike ya zo ya kai faɗin garken awaki, farin yashi tsirara a tsakiyar kore. Mutumin ya zo, ya leƙa daga cikin jirgin ruwa, ya tafi, bai sauka a ruga ba. Doktora ta zo sau ɗaya bayan haka. Ta ce an dakatar da yarjejeniyar sai an sake awo, tana ƙoƙari. Ta tsaya nesa da rumfar Otilia, ba ta ƙaraso ba. Aka karɓe inji da hula daga hannun Nemesio. Farar gangar shi ya kankare rubutun da wuƙa, ya yanke ta biyu, awaki ke cin dusa a ciki.

Motar ta zo sau ɗaya, daga nan ba ta sake ba.

Yanzu tun da sassafe mata ke kama hanyar tafki. Otilia ce ke fara fita. Takan biya ta gidan yayanta ta ɗauki jarkokin Casilda ta haɗa da nata, ba ta tambaya, ba a kuma ce mata an gode. Casilda ba ta zuwa, tana gida da jikarta, wadda zawo ya kama tun makon da aka koma tafki, kumatun sun zube. Ana tafasa ruwan in an sami itace.

In Otilia ta dawo ta sauke jarkokin a ƙofa, Casilda takan fito da yarinyar a kafaɗa. Ba ta duban Otilia, sama take duba, ta gabas, inda hadari ke tasowa a shekarun da yake tasowa.

"Ɗan naki fa? Ya taso?"

Otilia ma takan ɗaga kai ta duba, ta daɗe.

"Bai taso ba tukuna."